Minti Huɗun Iliya

Wudil, ranar Alhamis da hantsi.

Zuwa ga 'yata Sakina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya kai ku Kano lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya, Ya ba direbanku natsuwa, Ya sa ku sauka a hannun mutanen kirki.

Na san za ki ce gida ɗaya muke, me ya kawo wasiƙa? Dalili shi ne, tun da kika shiga ƙungiyar muhawara ta makarantarku ban sake kai ƙarshen magana a gidan nan ba. In na ce, "Sakina, a rage danna waya," kafin in rufe baki kin ce kina da hujja uku, kin jero su, kin kuma gode wa masu sauraro, alhali masu sauraron ni ne da akuyar Ummanki. Takarda kuwa ba a katse ta. Shi ya sa na ba Ummanki ta sa miki a jaka, na ce kada ta gaya miki sai kin shiga mota.

Da farko dai barka. Ke da abokiyar muhawararki Maryam kun kayar da makarantun shiyyarmu kaf, kun samu gurbi a gasar jiha. Ranar da labari ya iske ni a ofis, har sashen da ba ni da aboki ko ɗaya na shiga ina faɗa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Kin sha ji ina cewa ni ma na je gasar jiha ina sakandare, alƙalai suka cuce mu. Zuwan gaskiya ne. Maganar cuta kuwa ƙarya ce, na shekara talatin da ɗoriya ina maimaita ta har na kusa yarda da ita. Ba wanda ya cuce mu. Ga yadda aka yi.

Malamin Turancinmu, Malam Sabo, shi ya sa ni a ƙungiyar. Ba don ƙoƙari ba. Ya gaji ne da korata daga aji saboda surutu, ya ce tunda bakin nan ba zai rufu ba, gara a ba shi aiki. Ya haɗa ni da wani ɗan ajinmu, Iliya, mutumin ƙauyen Kausani. Iliya siriri ne, shiru-shiru, yana da in'ina. In hankalinsa a kwance yake, maganarsa takan fito a hankali, kalma bayan kalma, ba ta ɓata. In ransa ya tashi kuwa, sai harshen ya ƙulle. Shi ke karanta komai, shi ke tsara hujjoji a takarda. Ni ke da murya.

A lokacin na ɗauka muhawara tsawon kalma ce. Kawuna Bala, malamin dabbobi, yana da wani ƙaton littafin Turanci da bangonsa ya cire. Na are shi, na kwafe kalmomi ashirin mafiya tsawo, na haddace, ban nemi ma'anar ko ɗaya ba. Ranar karawarmu ta farko da wata makarantar maƙwabta, na jefi hujjar abokan hamayya da kalma ɗaya, na jefi jagoransu da wata, sannan na ajiye mafi tsawon na gaishe da alƙalai da ita. Ɗalibai suka yi ta tafi. Na ga wani dattijo cikin alƙalan ya rufe baki da hankici, kafaɗunsa na rawa. Na ce a raina, na sa tsoho kuka.

Da aka tashi ya kira ni gefe.

"Yaro, kalmar nan da ka gaishe mu da ita, a ina ka samo ta?"

Na ce, "A karatu, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Madalla. Ni likitan dabbobi ne kafin in yi ritaya. Yau ka kira mu tsutsar hantar saniya, ka kuma yi mana fatan ƙaruwa."

Mun ci a ranar, amma da hujjojin Iliya muka ci. To Sakina, duk kalmar da ba za ki iya yi wa kakarki Inna bayaninta da Hausa ba, ki bar ta a littafi. A cikin alƙalai kullum akwai wanda ya san ma'anarta.

Kuskure na biyu a matakin shiyya na yi shi, wannan da kuka tsallake yanzu. Maudu'in shi ne, tsakanin rediyo da jarida wanne ya fi amfani. Ba a gaya wa kowa ɓangarensa sai an zo an jefa ƙuri'a. Lokacin da ake jefawa ni ina bakin taga ina gyara sumata a gilashi. Iliya ya je ya ɗauko mana ƙuri'a, jarida ta faɗo mana. Ya zo ya ja mini riga.

"Ha-Habu, ja-jarida."

Na ce, "Ba ni da ita yanzu, Iliya. In mun fita na saya maka."

Aka kira sunana. Na miƙe na shiga kare rediyo iya ƙarfina. Na ce makaho na jin ta, manomi na rataya ta a gona, mai kamun kifi na shiga jirgi da ita. Can bayan ɗaki na hango Malam Sabo ya ɗaga jarida sama yana kaɗa mini ita da hannu biyu. Maimakon in gane, sai na nuna shi da yatsa na ce, "Ku dubi malamina! Ko shi da ya saye ta, fifita kawai yake yi da ita!" Ɗaki ya ɗauki dariya. Malam Sabo ya sauke jaridar a hankali, ya rufe fuskarsa da ita.

Jagoran abokan hamayya ya tashi ya ce suna godiya ga ɗan'uwa, ya gama musu aiki, ba su da abin ƙarawa sai kaɗan. A nan ne na gane ɓarnar da na yi.

Sai Iliya ya miƙe. Ya gyara takardarsa, ya yi numfashi, ya ce a hankali, "Abokina ya kawo muku duk abin da za a iya faɗa a kan rediyo, don kada abokan hamayyarmu su wahala. Yanzu ga amsa." Ya bi hujjojina ɗaya bayan ɗaya ya rushe su. Ya ce abin da rediyo ta faɗa da safe, da yamma kowa da yadda ya ji shi, amma jarida kana iya kai ta gaban mai musu ka ɗora masa yatsa a kan layi. Alƙalai suka zaci dabara muka shirya. Suka ba mu nasara, har da yabo a kan hikima.

Kin san me na yi? Na karɓi yabon. Duk wanda ya tambaye ni na ce ai ni na tsara. Iliya na gefe yana ji.

A nan shawara biyu ce. Ki buɗe kunne kafin ki buɗe baki, ko da mai maganar a hankali yake yi. Kuma ranar da wani ya fitar da ke daga rami, ki faɗa a gaban mutane cewa shi ya fitar da ke.

Na uku gajere ne, amma kada ki raina shi. Ranar tafiya Kano, Malam Sabo ya ce kowa ya sha koko ya tsaya nan. Ni kuwa da motar ta tsaya a bakin gadar Wudil, ƙanshin soyayyen kifi ya kira ni da sunana. Na ci uku da yaji, na bi da fura da nono, na ƙara da rake. Da muka shiga zagayen farko, a ranar na fara ganin makirfo. An kafa shi a kan tebur, ga ni da tsawo, sai ya zo daidai cikina. Ina cikin gaishe da alƙalai cikin nan ya yi wani dogon ƙugi, lasifika ta ɗauka ta kai shi kowane lungu na ɗakin. Mai kula da na'ura ya taso da gudu yana duba waya, yana ba da haƙuri, wai injin ne. Ya yi ta kwancewa yana ɗaurawa, ƙugin bai daina ba, har ya ɗago ya dube ni, ya koma ya zauna. Ki ci abin da cikinki ya sani, kuma kaɗan. Kifin gada yana nan har ku dawo, ni zan saya muku.

Duk da haka mun tsallake zagaye biyu, muka kai na kusa da ƙarshe. A nan ne abin da ya fi nauyi ya faru.

Maudu'in shi ne, ɗan ƙauyen da ya yi karatu ya kamata ya koma ƙauyensu ya zauna. Mu ne masu goyon baya. Aka ba mu awa ɗaya mu shirya. Muka zauna a gindin wata darbejiya a harabar makarantar da aka sauke mu. Iliya ya ce yana da labari, na mahaifiyarsa ne. Yana ƙarami, wasiƙa ta zo mata daga yayanta da ke aiki a Kudu. A unguwarsu ba mai karanta boko ko ɗaya. Ta sa takardar a ƙarƙashin tabarma, kwana tara tana ɗaukowa tana juyawa, ba ta sani ba ko mutuwa ce ko haihuwa. Ranar kasuwa ta tako har Wudil aka karanta mata. Ashe gayyatar suna ce, an yi wa jaririya takwara da ita, kuma sunan ya wuce.

Ya buɗe baki zai ci gaba, na katse shi na ce, "Ya isa, ya yi kyau." Muka raba aiki. Ni zan buɗe da hujjoji uku da ya rubuta mini, shi ya rufe da labarin. Kowa minti huɗu.

Ban karanta takardar da ya ba ni ba. Na tafi yawon kallon benaye.

Da na hau, ɗakin ya cika maƙil, ga manyan baƙi a gaba. Cikin minti biyu abin da ke kaina ya ƙare. Na ga mai ƙararrawa yana kallon agogo, na ga saura rabi. Tsoro ya kama ni. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Bari in ba ku labarin mahaifiyata." Na ɗauki labarin Iliya ɗungurungum na mai da shi nawa. Na ƙara masa gishiri, kwana tara ya zama wata uku, tafiyar ta zama cikin ruwan sama. Aka yi ta tafi, har wata malama ta share hawaye. Na zauna ina haƙi, ina jin kaina.

Aka kira Iliya. Ya miƙe, ya gaishe da alƙalai. Ya dubi takardarsa, babu komai a ciki sai abin da na riga na faɗa. Ya dube ni. Ya buɗe baki, harshen ya ƙulle.  Wasu yara a baya suka fara dariya. Bai zauna ba, bai gudu ba, ya tsaya a nan har minti huɗun suka cika aka kaɗa ƙararrawa. Sannan ya ce, "Na gode," ya dawo ya zauna kusa da ni.

Aka fitar da mu. A mota ni na fara cewa alƙalai sun yi son kai. Malam Sabo ya juyo ya ce, "Habu, don Allah yau ɗaya yi mana shiru." Iliya ya kafa ido a taga har muka iso Wudil. Daga ranar sai gaisuwa tsakaninmu, har muka gama makaranta kowa ya kama gabansa. Ni na samu aikin malamin gona na zauna a gari. Shi ya koma Kausani.

Kada ki zaci abin ya gyara ni nan take. Halin ya biyo ni har gidan aure. Watanmu biyu da Ummanki na kafa mata muhawara a kan miyar kuka, wai daddawa ake fara sawa kafin kanwa. Na kawo hujja daga girkin Inna, na kawo daga ilimin gona. Ta saurare ni har ƙarshe ta ce, "Gaskiyarka, Malam, ka ci." Ta miƙo mini ludayi. Kwana uku ni ke miya a gidan nan. A rana ta uku ko kajin gidan sun ƙi kusantar kwanon. Na je na janye hujjojina duka ba tare da sharaɗi ba. Saboda haka muhawara a ɗakin muhawara take. Matar da za ta kula da ku a masauki, da direba, da mai dafa muku abinci, kada ki ci kowa a cikinsu da hujja. Ki ce "to," ki gode.

Me ya sa na tono duk wannan yanzu? Makon jiya ina alwala a bakin soro, ke da Maryam kuna gwaji a ciki. Na ji yarinyar nan ta fara magana sau biyar, sau biyar ke kika ƙarasa mata. Na ji ta ce tana da wani misali daga garinsu Darki, kika ce, "Kawo, ni zan faɗa, ya fi fita a bakina." Ta yi shiru ta miƙa miki. Na san wannan shirun, Sakina. Na zauna kusa da shi a mota daga Kano har Wudil. Butar na hannuna na kasa ƙarasa alwalar.

Washegari na hau babur na tafi Kausani.

Na sami Iliya a ƙofar gidansa a kan tabarma, shi da wasu dattawa uku suna ɓarar gyaɗa. Ya yi furfura, amma sirantar na nan. Ya gane ni tun kafin in kashe babur. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi Inna da ƙafarta, aka kawo ruwa. Sannan na gyara zama na fara ba da haƙuri. Na shirya maganar tun a hanya, tana da gabatarwa da sassa uku. Ina tsakiyar sashe na farko ya ɗaga hannu.

"Habu, har yanzu?"

Dattawan suka tuntsire da dariya, alhali ba su san zancen ba.

Ya ce, "Na yafe maka tun motar ba ta wuce Mariri ta bar Kano ba. Tsoro ne ya kama ka, na gani a idonka. Abin da ya tsaya mini ɗaya ne. Ban yi minti huɗuna ba."

Na ce, "Wane minti huɗu?"

Ya ce, "Nawa. Ciro wayarka ka duba lokaci. Kai ne mai ƙararrawa, waɗannan su ne alƙalai. Kuma mai ƙararrawa ba ya magana."

Ya miƙe, ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. Ya tambaye ni da Turanci nake so ko da Hausa, wani dattijo ya ce in dai shi alƙali ne, a yi da yaren da zai ji. Iliya ya gaishe da alƙalai da duk girmamawar da ake yi, har ɗaya ya gyara hularsa. Sannan ya ba da labarin, a hankali, ba gishiri. Kwana tara, ba ruwan sama. Sai ya wuce wurin da na katse shi a gindin darbejiya, ya faɗi abin da ban taɓa ji ba. Ya ce da mahaifiyarsa ta dawo daga Wudil a ranar, ba ta shiga ɗaki ba. Ta kama hannunsa ta kai shi wurin mahaifinsa ta ce, "Wannan za a sa a boko. Kuma in ya iya, a nan zai zauna. Ba zan haifi mai karatu ba in ci gaba da kwana a kan takarda." Ya ce wannan ita ce hujjarsa gaba ɗaya. Garin da ya ɗauki nauyin yaro har ya iya karatu, bai kamata ya koma neman mai karanta masa wasiƙa ba.

Sau uku magana ta zo mini har leɓe. Duk lokacin da na motsa, dattijon da ke kusa da ni sai ya nuna ni da ƙwayar gyaɗa, in haɗiye. A rayuwata ban taɓa aikin da ya kai wannan minti huɗun wuya ba. Ko sau ɗaya harshen Iliya bai sarƙe ba. Da lokaci ya cika ba ni da ƙararrawa, sai na ƙwanƙwasa kwanon ruwa da makullin babur.

Alƙalai suka haɗa kai suka yi shawara da gaske. Babbansu ya ce Malam Iliya ya ci. Ashe shi ke koya wa manya karatu a unguwar da yamma, biyu daga cikin alƙalan ɗalibansa ne, saboda haka ban ce babu son kai ba. Na tambaya, "To wa ya kayar, tunda ba abokin hamayya?" Tsohon ya ce, "Kai mana. Ai mun ga yadda kake shan wuya."

Muka yi dariya har na share ido. Amma a kan babur ina dawowa, sai da na tsaya a gefen hanya na ɗan zauna. Da na bar shi ya faɗi wannan a Kano, da mun ci. Ko da ba mu ci ba, da ina da aboki shekara talatin.

To Sakina, bakina kika gada, wannan ba laifinki ba ne, kuma baki ne mai amfani. Sauran halin ne ba na so ki ɗauka. Misalin Darki na Maryam ne, ki mayar mata tun a mota. In ta tsaya tana neman kalma, ki jira, za ta samo. In lokacinki ya yi saura abin faɗa ya ƙare miki, ki gode wa alƙalai ki zauna. Ba a taɓa korar kowa daga gari don ya gama magana da wuri ba. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki bi maganar malamarku, kada ki fita ke kaɗai.

Ina so ku ci, ba zan ɓoye miki ba, har na share wurin da kofin zai zauna in an ba ku aronsa ku kawo gida. Amma ko da kofi ko babu, ku dawo kuna hira ke da ita.

Ummanki na gaishe ki, Inna na sa miki albarka. Allah Ya buɗe ƙirjinku, Ya daidaita harshenku, Ya tsare ku a tafiya da masauki, Ya dawo mana da ku lafiya. Allah Ya yi miki albarka, amin.

In kun dawo, ki kawo Maryam gida ita ta ba ni labarin yadda aka yi. Ni da ke za mu zauna mu saurara har ta kai ƙarshe. Zai yi mana wuya, amma ni na gwada sau ɗaya, ban mutu ba.

Mahaifinki,
Habu.